Kilishina a Gidan Abincin Ganye

Ni da na tsufa ina tuƙa wa ma'aikatan haƙar ma'adinai na garin Arlit tuwo, wa zai koya mini karɓar baƙi? Jikana Sani ya kai ni Yamai, gidan abincin budurwarsa. Ya ce can ba a cin nama, da gangan. Na ce a raina, talauci ne ake sakayawa.

Na tona kwano, wake da zogale kawai. Zama ya gagare ni. Na kwance kilishina da ke cikin jakata, na bi masu ci ina rabawa. Wata Baturiya ta miƙe zumbur, budurwar Sani ta dafe kai: "Kaka, rufa mini asiri!"

An dai yi auren. Har yau in na je gidansu, sai ta ce, "Sani, laluba jakar Kaka tukuna."