Yadda Za Ka Jera Gwanayen Shirye-shiryen Talabijin Na Shekara Ba Tare Da Ka Kalli Ko Ɗaya Ba

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan shida sau da ƙafa, na ba ka tabbacin kafin shekara ta fita sunanka zai zaga daga Aliero har Maiyama. Nawa ya zaga. Sunana Sirajo, albasa nake sayarwa a Aliero, kuma tunda muka sayi talabijin ban taɓa wuce waƙar buɗe shiri idona biyu ba.

Mataki na ɗaya: Samu mai kallo a cikin gida

Ni matata Zinatu na samu. Ba shiri mai dogon zango da ke wuce ta. Da safe tana dama koko tana ba ni labarin wanda ya ci amanar wa, da wadda ta suma a asibiti. Kai naka sauƙi ne. Ka riƙa cewa "ikon Allah" da "to, sai aka yi yaya?" kana kurɓar kokonka kana adanawa. Kada ka gode mata. Masani ba ya godiya, gyaɗa kai yake yi.

Mataki na biyu: Kai kayan rumfa

Da ka isa kasuwa, zazzage labarin kamar kai ka gani. Ƙara masa kalmomi biyu, darakta da kyamara. Duk abin da ba ka gane ba, ka ce darakta ya yi sakaci. Abokina Imrana mahauci ya taɓa tsare ni da ido ya ce, "Kai Sirajo, yaushe kaka samun lokacin wanga kallo?" Na ce masa wasu da ido suke kallo, wasu da ƙwaƙwalwa. Ya koma yankan namansa bai gane ba. Ni ma ban san abin da nake nufi ba.

Mataki na uku: In an ba ka alƙalanci, karɓe da hannu biyu

Ƙarshen shekara gardama ta ɓarke a zauren WhatsApp na dangin Zinatu kan wane shiri ne ya fi. Kwana uku ana jifa da saƙonnin murya. Sai yayanta Jibrin ya ce a bar wa Sirajo, shi ne ya san harkar, ya jero guda biyar ya karanta ranar sunan da za a yi a gidansu a Andarai. Mai hankali zai ce ciwon kai yake yi. Kai ba shi ba ne. Ka ce guda biyar ma sun yi kaɗan.

Mataki na huɗu: Raina mai ba ka labari

Nan ne gwaninta take. Na danna waya na aika wa zauren saƙo: "A bar mana wanga aiki. Mata kallo kawai su kai, su yi kuka, ba su gane komi." Zinatu na tsintar shinkafa a gefena. Ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai ƙasa.

Washegari na ce ta taimaka min da na biyar, huɗu kawai na haɗa. Cikin sanyin murya ta ce, "Ka manta da Buhu Tara?"

Ban taɓa jin sunan ba, amma na ce, "Af, shi nike son tunawa. Ɗan maimaita min."

Ta ce labarin wani mai albasa ne da ke barci a gaban talabijin bakinsa buɗe, da safe ya kwashi labari wurin matarsa ya kai kasuwa yana baza ilimi. Na yi dariya har da buga cinya. Na ce wallahi akwai irinsu da yawa a garin nan. Na cire shi daga na biyar na kai shi na ɗaya.

Mataki na biyar: Karanta a bainar jama'a, da ƙarfi

Bayan an ci tuwon suna aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maza gefe, mata gefe. Na miƙe da takardata, na gyara hula. Na biyar da na huɗu sun wuce lafiya. Na uku ya jawo gunaguni, na ce gaskiya dama ba ta da farin jini. Da na zo na ɗaya na yi gyaran murya na ce, "Buhu Tara!" Na yaba wa darakta. Na ce jarumin sakarai ne na ajin farko, duk wanda ya gan shi sai ya tausaya wa matarsa.

Kowa ya tsaya cak yana kallona. Har jaririyar ba ta motsa ba.

Kakar Zinatu, tsohuwa Gudiya, wadda ke kirana angonta saboda wasan jika, ita ce ta fi kowa kallo a gidan. Ta ce, "Angona, wace tasha aka nuna wanga Buhu Tara? Mu nan duk munka duba ba mu gane shi ba."

Na ce sai da babban faranti ake kama tashar.

"To mi as sana'ar jarumin?"

"Albasa."

"A wane gari?"

Na buɗe baki, sai na waiga. Zinatu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. A daidai nan labarin ya iso ƙwaƙwalwar da na ce da ita nake kallo. Gudiya ta rangaɗa guɗa. Jibrin ya kwanta a tabarma yana riƙe da ciki. Surukina, dattijon da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya tashi ya shige zaure, muna jiyo shi yana tari.

Mataki na shida: Dawo da babur a hankali

Daga Andarai na ɗauko Zinatu a babur muka wuce Maiyama. Niyyata in yi fushi, har na tsara jawabi. A Jega na tsaya shan mai, na juyo na ce, "Kin kyauta ke nan? Gaban iyayenki?"

Dariyar ta riga ta bar fuskarta. Ta ce, "Shekara guda ina ba ka labari, ko sau ɗaya ba ka ce Zinatu ta gaya min ba. Na haƙura. Sannan ka ce wa dangina ban gane komi. Gaban iyayena kai ma ka faɗa."

Nan a bakin gidan mai, masu Keke suna ta yi mana hon, na danna waya na aika wa zauren: "Jama'a, Sirajo ne. Duk abin da kunka ji daga bakina bana, na Zinatu ne. Ni barci nike." Na miƙa mata wayar ta saurara. Ta saurara sau biyu, sannan ta ce in ja mu tafi, rana na duka.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya same ka, ko a gida, ko a gidan surukai, ko a kasuwa. Kada ka zo rumfata da ƙorafi. In kuma dole sai ka zo, kada ka ɓata lokaci kana tambayar ina Sirajo, ba wanda zai gane. Ka ce Buhu Tara kake nema, har masu lodin mota za su nuna maka.