Munzali da Binciken Kunyar Ɗan Fari

"Lafiya lau, tsohuwa. Ya ƙafar taki?"

"Ƙafata ƙalau take, tunda ba ita ta gudo daga Kano ba. Zauna mana, mijin nawa, kafin ka faɗo mini kan ƙwarya."

Munzali ya zauna a bakin tabarma, jakar kwamfutarsa rungume a ƙirji kamar wani zai ƙwace. Tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Ya sauka a Birnin Kudu, ya shiga motar Gwaram, ya hau babur zuwa Dingaya, gidan kakarsa Inna Batulu wadda ta riƙe shi tun daga yaye. Digiri na biyu yake yi, kuma shekara guda cur ya kwashe yana bincike a kan kunyar ɗan fari, al'adar nan da uwa ba ta kiran sunan ɗan da ta fara haifa, ba ta kuma sakar masa fuska a gaban mutane. Dattijai mata goma sha tara ya yi hira da su a garin nan, ya naɗi muryoyinsu a waya. Jiya malamar da ke duba aikinsa, Dakta Bara'atu, ta miƙo masa takardunsa ba ko murmushi. Duk wanda ya san Munzali da baki, ya gan shi yau ya yi tsuru-tsuru, sai ya tausaya masa.

Inna Batulu dai ba ta cikin masu tausayin. Ta leƙa hannunsa na dama, ta leƙa na hagu.

"Miji ya zo hannu rabbana! Ko ƙullin gishiri babu. Ni kam na yi zaɓen banza."

"Inna, na shiga uku."

"Ai tun ranar da ka aure ni kake ciki. Me ya faru?"

"Malamata ta saurari hirarrakin da na naɗa. Ta ce ita ba hira ta ji ba, shari'a ta ji. Ta ba ni zuwa Alhamis in rubuto mata ko ni wane ne a wurin matan nan, da abin da na shiga da shi a raina lokacin da nake tambayarsu. In ban kawo ba, ba za ta sa hannu ba. Aikin shekara guda ya tafi ke nan."

"Yo ba ta san ko kai wane ne ba? Kira mini ita a wayar nan. Zan gaya mata kai ne wanda zakara ya kora daga bakin rumbu har cikin zanena, kana aji uku."

"Zakaran nan mahaukaci ne, kowa ya shaida."

"Ko wata huɗu bai yi ba, ko cara bai fara ba. To me ka rubuta mata da farko?"

Munzali ya share gumin goshinsa. "Na rubuta cewa ni baƙo ne, ɗan kallo, ba ruwana da kowa."

Inna ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa, ta tafa hannu. "Baƙo! A Dingaya? Wace ce a cikinsu ba ta taɓa fyace maka majina ba? Ummussalma da ka zauna a gabanta kana ƙwalisa, wai ta gabatar da kanta, ita ta yanke maka cibiya. Har yau tana cewa ba ta taɓa ganin jariri mai ƙaton kai irin naka ba."

"Kan ne ya kai ni jami'a."

"Ya kuma dawo da kai a guje. Kunna mini abin in ji da kunnena."

Ya ciro wayar. Ganin ya fara latsawa, sai tsohuwar ta ja baya, fuskarta ta canza.

"Tsaya. Kada ka kunna mini ta Goggo Na'ima. Da damina muka binne ta. Ba na son jin mamaci yana magana a tsakar gidana."

"Ta Ummussalma ce."

Ya kunna. Kukan awaki ya fara fitowa, sannan muryar namiji, mai kaifi, tana ɗan rawa: "Ke da kika ƙi kiran sunan ɗanki shekara da shekaru, ba kya tunanin abin da yake ji a ransa?" Can sai muryar tsohuwa ta ce a hankali, "Yana ji, ɗana. Ita ma tana ji."

Munzali ya kashe wayar da sauri. Sau ɗari ya saurari hirar nan yana rubutawa, amma amsoshi kawai yake ji, bai taɓa sauraron mai tambayar ba. Yau ya ji shi, bai kuma san muryarsa tana iya yin haka ba.

"Wannan ɗan sandan wane ne?" in ji Inna.

"Ni ne."

"Ashe ɗan sanda na aura ban sani ba. Duka haka ka tambaye su?"

"Duka." Ya ajiye wayar. "Kuma kusan amsa ɗaya suka ba ni. Wai uwa tana gane takun ɗan farinta tun yana zaure. Wai ba ta iya cin abinci sai ta ji an ce ya ci. Na ɗauka haɗa baki suka yi, sai na cire maganar daga cikin aikin."

"Ka cire?"

"Na cire."

"To haɗa bakin suka yi mana. A nan gindin darbejiyar suka zauna bayan tafiyarka ta farko. Suka ce ɗan farin 'yar Fagam ya dawo da waya yana neman wanda zai kama. Kai kana ganin ka zo bincike, su kuwa uwarka suke karewa."

'Yar Fagam ita ce Hawwa, mahaifiyar Munzali, da ke aure a Fagam. Inna ba ta kiranta da wani suna sai wannan, don ita ma 'yar farinta ce. Shekara hamsin ke nan sunan bai taɓa fita daga bakinta ba.

Munzali ya dafe kai da hannu biyu.

"Kashina ya bushe, Inna. Kin san me zai faru? Malamai biyar za su zauna a kan teburi su karanta cewa ni, da gemuna, na shekara ashirin da takwas ban taɓa jin sunana a bakin Umma ba, shi ya sa na ɗauki waya na bi tsofaffi gida-gida. Za su ce duk aikin kukan yaro ne. In na ɓoye kuma, Dakta ta riga ta gano ni. Wallahi tsoro nake ji."

"Gemun ma nawa yake? Na ƙirga, gashi tara ne."

"Inna, ba wasa nake yi ba."

"Na sani." Ta yi ƙasa da murya, ta waiga wajen ƙofa. "Za ka sa sunanta a takardar? Kada ka tona mini asirin 'ya a gaban mutanen Kano. In maganar nan ta koma kunnenta, ba za ta iya haɗa ido da kowa ba."

"Ba a sa sunan kowa. Dokar aikin ce."

"Yauwa. Ashe 'yan boko ma sun san kunya."

Ya murza igiyar jakarsa. Abin da ya hana shi sukuni tun jiya ya taso masa, ya kasa riƙe shi.

"To gaskiya suka gaya mini, ko lallashina suka yi?"

"Duka biyun."

"Ba a rubuta duka biyun a bincike."

"Sai a fara a kanka. Ka ce sun lallashe ka don sun ga hawaye a maƙogwaronka, ka ce kuma ba su yi ƙarya ba."

"Da me zan san ba su yi ƙarya ba? Ke kin taɓa gane takun 'yar Fagam?"

Tambayar ta sami tsohuwar inda ba ta zata ba. Ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye.

"Marar kunya. Ana yi wa mace wannan tambayar? Da sakin aure ka yi mini da ya fi sauƙi."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shige ɗaki tana mita. Munzali ya ji tana ɗaga faifai, tana motsa kwanuka. Ya tsorata ko ya ɓata mata rai da gaske, abin da bai taɓa yi ba. Sai ga ta ta fito da kwalbar man shanu, an toshe bakinta da leda an ɗaure da zare. Ta dangwarar a gabansa.

"Ungo, ɗan sanda."

"Na gode. Ko ba komai kin iya kaɗa nono."

"Da wace saniyar? Tawa ta ƙarshe ta mutu tun kana sakandare. Shekara nawa kana kwasar man nan kana zubawa a wake da shinkafa a makaranta, ba ka taɓa tambayar daga ina yake ba. Wai mai bincike!"

Ya dubi kwalbar, ya dube ta. "Daga ina yake?"

"Daga Fagam. Duk zuwanka. Yau ma da hantsi mai babur ya kawo. Ta ce a ba mai tafiya."

"Inna, ban gaya wa kowa zan zo ba."

"Mai babur ɗin ya ba ni labari. Jiya ba ka kira ƙanwarka Nasiha ba? Uwarka tana gefe tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. Da aka kashe wayar sai ta ce muryar nan ba ta lafiya ba ce, gobe zai nufi wurin Inna. Ta tashi ta ɗauko ƙwaryar nono."

Munzali ya ɗauki kwalbar. Ya juya ta a hannunsa. Sannan wata dariya ta kufce masa, idanunsa sun yi ja.

"Kin ci ni, tsohuwa."

"Yau ka sani?"

Ya zuge jakar, ya ɗora kwamfutar a kan gwiwa. Tsoron bai sake shi ba, kuma Alhamis tana nan inda take. Ya nemo layin da ya kira kansa baƙo, ya goge shi. Ya buga wani a gurbinsa, ya karanta a fili don ya ji ko zai iya faɗa a gaban malamai biyar.

"Ni ɗan fari ne, kuma na shiga ɗakunan matan nan ina fushi da mahaifiyata."

Inna Batulu ta kau da kai, ta goge ido da gefen mayafi.

"Rage murya," ta ce. "Kada iska ta kai Fagam."