Ranar da Sallau Ya Kwashe Ofis

Gidan Inna Dije su uku ne: ita, da ɗanta Sallau, da matarsa Hansatu mai buga takardu a wani ofis. Sallau mutumin kirki ne, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Shekara bakwai ana jira, sai bana Hansatu ta samu juna biyu. Murna ta hana Inna zama, tsoro ya hana ta cin tuwo, don kullum yarinyar nan da ciwon kai take dawowa.

Wata rana maƙwabciya ta ce ai hasken injin fotokwafi ne, ciki yake ratsawa. Inna ta dafe ƙirji. "Sallau, maza! Kada hasken nan ya taɓa min jika!" Sallau ya sungumi murfin tukunyar biki, ya je ofis ya kare cikin matarsa da shi. Ta yi dama, ya yi dama. Ta yi hagu, ya yi hagu. Har la'asar!

Wata rana suka raka ta awo. Malamar asibiti ta ce, "Inna, hasken nan ba ya komai. Ta dai riƙa miƙewa duk rabin awa." Sallau ya aro agogo. Ana tsakiyar taro ya leƙo ya daka tsawa, "Lokaci ya yi, a miƙe!" Kowa ya yi zumbur, har shugaban ofis, ya zaci wani babba ne ya iso.

Ciwon kai dai bai tafi ba. Wata rana Inna ta ce, "Ni fa ban yarda ba. Duk abin da ke ƙara kusa da ita, fitar da shi waje!" Sallau ya fitar da injin, ya fitar da fanka, ya jawo janaretan da ake tayarwa a lungun ofishin saboda ɓarayi, ya dire shi gindin darbejiya. Shugaba ya fito yana ta faɗa. Sallau ya naɗe hannun riga. "Ranka ya daɗe, kai ma ƙara kake yi."

Da ƙyar aka riƙe shi. Aka mayar da komai ciki, ban da janareta, don ba mai iya ɗaga shi. Kwana uku, ciwon kai ya ɓace! Da malamar asibiti ta ji, sai da ta yi salati. "Janareta a ɗaki? Ai hayaƙinsa ne! Allah ne ya tsare uwa da ɗa."

Ranar suna jaririya ta tsala kuka a cinyar Hansatu. Sallau ya miƙe yana naɗe hannun riga.

Inna ta damƙo shi. "Zauna, ɗan nan! Wannan ƙarar shekara bakwai muna roƙonta."