Hulata Ta Riga Ni Zuwa Suna

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kama wuri da hula a cikin jirgin sama ba. Lokacin ni ne mai lodi a tashar Madarumfa, layin Maraɗi, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Dokar tasha ɗaya ce: mota ba ta tashi sai ta cika. Ka aje hularka a kan kujera, ka je ka ci tuwo, ka yi aski ma in ka so, wurinka na nan.

Ƙanena Sabi'u da ke Abijan aka yi wa haihuwar fari, ya aiko mana da biye biyu, wato tikitin jirgin sama, ni da Inna. Inna idonta ya yi rauni, ba ta jin Faransanci, kuma ba ta taɓa wuce Maraɗi ba. Amanarta aka ɗora mini, in kai ta suna.

A filin jirgin Yamai na ga abin da ya ƙayatar da ni. Kamfanin na gwamnati ne, uwa guda da 'ya'ya rututu: masu ɗaukar fasinja, masu kaya, masu gyara, har masu dafa abinci, kowa da kalar rigarsa. Ba ihu, ba jan hannun fasinja (ni kuwa muryata ce jarina). Muka shiga, wata ma'aikaciya ta zaunar da Inna kamar uwarta. Na waiga na ga kujeru fiye da rabi ba kowa. Idon gwani ya gama lissafi.

"Inna, wagga ba ta tashi yanzu," na ce. "Bari in samo miki goro."

"Kai dai zamna, Lawali."

"Haba Inna, aikina ne hwa!"

Na cire hulata, sabuwa dal, na ɗora a kan kujera, na bi masu shara ta matakalar baya na sauka. Na fita har bakin titi, na yi cinikin goro a natse, na yi la'asar, har na tsaya ina tausaya wa kamfanin da bai da mai kiran fasinja. Sai na ji ƙara. Na ɗaga kai, ga jirginmu can yana shiga gajimare, da Inna da hulata.

Na shiga da gudu, kai ba hula, ƙullin goro a hannu, ina ihu: "Ku tsai da shi! Bai cika ba!" Duk zauren ya juyo. Wani jandarma ya dafa bango don dariya.

Wata babbar ma'aikaciya, Bahausa, ta ja ni gefe. "Malam, mi ya hidda kai?"

"Na aje hula, Hajiya."

Ta danne dariyarta da ƙyar (Allah Ya saka mata). Nan take ta yi magana ta rediyo, aka shaida wa na cikin jirgi. Ashe har ruwan alwala sun kai wa Inna, kuma da aka sauka sai da suka damƙa hannunta a hannun Sabi'u. Ni kuma suka nema mini wuri a jirgin wani reshen nasu, wanda bai tashi ba sai bayan suna. Har yau in na ga jirginsu a sama, ina yi musu addu'a.

Na isa an share gida, an cinye rago. Na durƙusa gaban Inna ina neman gafara, ta miƙo mini hular a ninke.

"Ungo. Ita ta rako ni, ita ta zamna suna. Ta hi ka hankali."

Yaron da aka yi wa sunan nan yanzu magidanci ne, amma a dangi ba mai kiransa sai Mai Hula. Ni dai na koyi abu guda: gwanintar tasha a tasha take tsayawa, kuma inda kaina bai zauna ba, ba na ƙara barin hulata.