Fakarun Cikin Gamba

A can bakin garin Malumfashi, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, akwai wani saurayi mai suna Nazifi. Ya gama karatun gandun daji, ya dawo gidan kakarsa Iya Tabawa yana jiran aiki. Aikin bai zo ba, amma dabaru kam kullum sai sun zo masa, wani lokaci biyu kafin karin kumallo. Wata safiya ya tashi ya ce shi filin nan na bayan ɗakin Iya, inda take ɗan yafa kuɓewa da yakuwa, gamba zai dasa a ciki.

"Gamba?" in ji Iya. "Ciyawar da ake yin zana da ita? Angona, mutane na karya ƙugu suna tumɓuke ta daga gona, kai kuma gida za ka kawo mana ita?"

"Tsohuwa, ba ki gane ba ne. 'Yar ƙasa ce, ba baƙuwa ba. Ba ruwanta da taki, ba ruwanta da ban ruwa. Sau ɗaya ake dasa ta, duk damina ta taso da kanta. In ta yi tsawo ta cika, tsuntsaye za su zo, malam-buɗe-littafi zai zo, har bushiya sai ta zo."

"To in bushiyar ta zo, a ɗakinka za ta sauka."

Nazifi bai kula ta ba. Ya tafi fadama ya haƙo gamba da saiwarta, ya rarraba tushen, ya daddasa da 'yar tazara a tsakani. Daminar farko ciyawa ta ƙi tashi, ko gwiwa ba ta kai ba. Ya ce wa Iya kada ta damu, ai saiwa take yi a ƙasa. Iya ta ce ashe shi ma saiwar yake yi, shi ya sa har yanzu ba a ga aiki a sama ba.

Amma da damina ta zagayo, sai gamba ta rama. Ta miƙe ta wuce katanga, ta wuce kan duk wani dogo a unguwar, ta fitar da farin kai yana kaɗawa. Maƙwabta suka fara leƙowa suna tambaya ko an tashi daga gidan ne. Tsuntsaye kuwa suka zo kamar an aika musu da goron gayyata. Rannan da sassafe Nazifi ya ji wani kuka mai kaushi daga cikin ciyawa, ya laɓe ya leƙa, sai ga fakaru, kajin dajin nan masu wayon tsiya, suna ta tsattsagar ƙasa abinsu. Saura kaɗan ya yi guɗa.

Nan take ya ɗauke su hoto da waya, ya tura wa wata ƙungiyar masu sha'awar tsuntsaye a Zariya. Shugabanta, Dakta Lurwanu, ya kira shi ya ce hoton dai bai fito ba, shi abin da ya gani ya fi kama da tsohon takalmi. Amma za su zo ran Asabar. In har suka ga fakara da idonsu a cikin gidan mutum, to shi za su damƙa wa lambun da suke shirin buɗewa.

Aiki ke nan ya taso. Nazifi ya shiga ɗakin Iya yana rawar jiki.

"Tsohuwa, manyan baƙi zan yi. Don Allah kada ki ba ni kunya da laminki na kullum. A yi miya mai nama."

"Ka kawo cefanen?"

"Haba amaryata, ke da ba a rasa dabara wajenki? Ki dai san yadda za ki yi."

Iya ta dube shi, ta dubi bayan ɗaki, ta ce to.

Ran Asabar tun da hantsi ya tafi tasha tarar baƙi. Motarsu ta yi latti, sai wajen azahar ya shigo da su: Dakta Lurwanu da ƙatuwar malafa, da abokan tafiyarsa uku, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya. Suka gaida Iya a tsaitsaye, ita kuwa tana can tana fama da murhu. Da Dakta ya ga gamba sai ya riƙe baki.

"Kai, samari, wannan gamba ta ƙoshi! Ina mutanen namu?"

"Suna ciki, ranka ya daɗe. Sai dai a yi shiru."

Aka kutsa cikin ciyawa aka tsuguna. Shiru. Ga zafi, ga ƙaiƙayi. Aka ga ƙadangare, aka ga fara, aka ga wata kurciya da ta dube su ta ƙara gaba. Fakara ko gashinta. Nazifi ya shiga waige-waige. Ya ce wataƙila kunya suke ji, bari ya kira su. Ya kama maƙogwaro ya kwaikwayi kukan fakara iya ƙarfinsa. Jakin maƙwabta ne kaɗai ya amsa.

Ana cikin haka cinnaku suka sami hanyar shiga wandon Dakta. Babban mutum ya yi tsalle ya fito daga gamba yana bubbuga cinya, malafa a gefe guda, madubi a gefe guda. Nazifi ya ga aikinsa na shirin komawa Zariya ba tare da shi ba.

"Ranka ya daɗe, a ɗan ci abinci tukuna. Da la'asar suke fitowa, wallahi da la'asar suke fitowa."

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa. Iya ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, nama zuƙu-zuƙu a sama, ƙamshi har ƙofar gida. Nazifi ya dubi kwanon ya ji daɗi a ransa, ya ce lallai tsohuwar nan ta fitar da shi kunya. Baƙi suka sa hannu. Magana ta ɗauke, sai ƙarar tauna. Dakta ya manta da cinnaku, ya cinye cinya, ya tsotse ƙashi, ya tauna shi, ya miƙa kwano aka ƙara masa. Ɗaya daga cikin abokan tafiyar har da suɗe yatsu.

"Hajiya," in ji Dakta yana sakace, "na daɗe ban ci kaza mai zaƙin wannan ba. Ba irin ta gidan gona ba ce. A wace kasuwa kike samo su?"

"Wace kasuwa, ɗan nan? Ai noman angona ne. Nan bayan ɗaki suka yi ƙiba. 'Yar tsaba na watsa, na kafa kwando da tsinke, suka shigo da ƙafarsu."

Lomar da ke hannun Nazifi ta koma cikin kwano.

"Iya... wane kwando? Su wa suka shigo?"

"Kajin nan naka masu ihu da asuba. Ba kai ka ce a yi miya mai nama ba?"

"Duka?"

"To baƙi huɗu, ga ka, guda za ta ishe ku?"

Nazifi ya ɗora hannu a ka. "Tsohuwa kin kashe ni! Su fa aka zo gani tun daga Zariya!"

Dakta Lurwanu ya ajiye tsinken sakace, ya gyara zama, ya haɗe fuska irin ta shugaba, ga maiƙo yana ƙyalli a gemunsa.

"Hajiya, wannan babban kuskure ne. Mu ƙungiyarmu ba cin tsuntsayen daji take yi ba. Aikinmu shi ne mu kare su."

Iya ta leƙa kwanon da ke gabansa, ta jinjina kai.

"Ai na gani, ɗan nan. Kun kuwa ƙare su. Ko ƙashi ba ku rage wa kyanwa ba."