Ƙwayar da ta fito da dattina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da saurayina Bulus ya kai ni gaida mahaifiyarsa a Samaru Kataf ba. Lokacin ina da waya a haƙora, irin wadda ake sa wa mutum don su jeru, kuma duk abin da na ci sai ya samu masauki a cikinta. Ga ni da son rake da gyaɗa, ga ƙyuyar goge baki (buroshi ya shiga ya fita, shi ke nan, na yi nan).

Ana gobe tafiya na ruga wurin likitan haƙorina a Kafanchan, wani Ibo haifaffen unguwar layin dogo. Ya leƙa bakina ya girgiza kai.

"Sista, datti ya taru kewaye da waya. Ka tauna wannan, zai fito da shi duka."

Ya ba ni wasu 'yan ƙwayoyi ja. Ya ci gaba da bayani, amma ni hankalina na wurin telan da ke ɗinka mini kayan tafiyar, ban tsaya ji ba. Ai magana ta ƙare, tunda zai fito da shi duka.

A mota na kasa zama wuri ɗaya. In gyara ɗankwali, in goge tafin hannu, in tambayi Bulus ko Mama za ta so ni. An ce mini mace ce mai tsabtar tsiya, ta taɓa korar wata budurwarsa saboda farce. Da muka kusa, sai na jefa ƙwayoyin a baki gaba ɗaya, na tauna, na zagaya da harshe, na tofar ta taga. Bulus na kujerar gaba, bai ga komai ba.

Muna shiga na durƙusa, na saki murmushin da na kwana ina gwadawa.

"Mama, ina wuni?"

Mama ta dafe ƙirji. "Yesu! Yarinya na, jini ne?"

Kakar Bulus ta matso tana ƙyafta ido. "Ba jini ba ne, fure ne. Haka matan Fulani ke rina haƙori da. Ya yi kyau!"

Da maganar ta tsaya nan da na tsira. Sai ga Rifkatu, ƙanwarsa mai karatun nas, ta leƙo har cikin bakina.

"Anti, wannan ƙwayar gwaji ce fa. Ba ta wanke komai. Inda datti yake kawai take kamawa, don mutum ya ga inda zai goge."

Ta miƙo mini madubi. Kowane ƙarfe da jan zobensa, dasashi kuwa kamar na sha zoɓo da bokiti. Ashe "fito da shi" ɗin likita, fili yake nufi. Kunya ta kama ni, na tabbata aure ya rushe.

Mama ta kalle ni ta ce, "Rifkatu, kai ta bayan gida. Ba ta gishiri da ruwan ɗumi." Ban ƙara buɗe baki ba har muka bar garin.

An dai yi auren. Ranar kai kaya, a cikin babbar tukunyar da Mama ta ba ni, na tarar da burusa ƙanana masu shiga tsakanin waya, ɗauri guda. Yanzu ina goge kowane lungu bayan kowane abinci, kuma in likita na magana, ko tela na cin wuta sai na ji ƙarshenta.