Jatau da Maƙogwaron Babur

A garinmu, Kwarin Gawo, akwai wani mutum ana ce masa Jatau. Zana ɗaya ce ta raba gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Gidan daga shi sai matarsa Tasalla, da 'ya'ya uku, da awaki, da wani tsohon babur da ya gada wurin yayansa. Jatau ba malalaci ba ne, ciwonsa ɗaya: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Tumatirin lambunsa ke ciyar da gidan. Motar 'yan tumatir kuwa bakin titi take tsayawa ranar Laraba, sai ka haye busasshen rafi ka hau tudu kafin ka iske ta, kuma da ta cika ta tashi. Sau biyu babur ɗin yana sarewa a tudun nan, sau biyu tumatir yana ruɓewa a kwando. Tsinkar tumatir ɗaya ta rage masa a bana.

Wata rana ya tura babur ɗin wurin Sallau bakanike. Sallau ya saurari kukan injin ya ce, "Shaƙe shi aka yi. A maƙogwaron kafireta akwai wani ɗan faranti mai ƙaramin rami, shi ke rage masa iska. In aka buɗa ramin, tudun nan ko a jikinsa." Jatau ya yi tsalle don murna har hularsa ta faɗi. Sallau ya kwance kafiretar ya miƙa masa. "Je ka wanke ta tas tukuna." Jatau ya nufi bakin rijiya da sabulu da soso, ya dirje ta da toka kamar gindin tukunya, ya ɗauraye sau bakwai. Da Sallau ya girgiza ta, ruwa ya tsiyayo masa a kan wando. "Da fetur ake wankewa, bawan Allah!" Jatau ya ce, "Ai ba ka ce ba." Kwana biyu tana shanya a kan rumbu.

Wata rana kuma Sallau yana cikin aiki ya ce masa, "Duk abin da ke tare wa babur ɗin nan iska, cire shi za a yi." Ko tsayawa jin sauran bayani Jatau bai yi ba. Yana isa gida ya zare soson da ke tace iskar injin ya jefar. Ya duba, ya ga ai zana ma tana tare iska, ya kwantar da ita, har da wadda ta raba gidajenmu! Na fito daga banɗaki na ganni a fili, raina ya ɓaci matuƙa. Awaki suka samu ƙofa, suka cinye kuɓewar da Tasalla ta shanya, wani bunsuru ya haɗa da soson. Tasalla ta ɗora hannu a ka. "Maigida, me ya yi zafi?" Ya ce, "Ke dai tsaya ki ji iskar da ke shigowa!"

Wata rana, Litinin ce, Sallau ya ba shi farantin da ɗan magagari. "Ka goga ramin a hankali, sai gyaɗa mai ɓawo ta iya shigewa. Kada ka wuce nan." Jatau ya ɗebo irin gyaɗar da Tasalla ta ɓoye don damina, ya zauna gindin ɗorawa. Ya goga kaɗan ya gwada. Wadda ta ƙi shigewa ya ɓare ya cinye, wai ta ƙi aiki. Kafin la'asar rabin kwano ya tafi, cikinsa yana ƙugi. Sai ga guda ta faɗa ta ramin, suɓul! Ya kwasa a guje yana ihu, "Ta shige! Ta shige!" Mutane suka firfito suna tambayar wace ce ta shige.

Washegari Sallau ya ɗaura kafireta, ya daidaita mata mai, ya buga. Jama'a, kukan da babur ɗin nan ya yi, ni kaina sai da na yi kabbara! Sallau ya ce, "Hau ka gwada. Kada ka tsaya sai na ce ka tsaya." Jatau ya murɗa, ya haye tudu kamar an harba shi, ya ɓace. Sallau yana ta ƙwala "Tsaya!" amma wa zai ji? Sai da ya wuce ƙauye uku mai ya ƙare. Ya dawo da yamma yana turi, gumi sharkaf, bakinsa har kunne. "Malam Sallau, har yanzu ba ka ce ba, don haka ko zama ban yi ba."

Wata rana, ita ce Larabar, da sassafe an ɗaure kwanduna, Sallau ya lura bakin kafiretar a wangale yake. "Haba Jatau! Yashi za ta sha. Iskar nan sai an tace ta, kamar yadda ake tace koko." Nufinsa in ya shiga birni ya sayo sabon soso. Jatau ya koma gida da gudu, ya fizge ƙyallen tatar koko daga kan igiyar Tasalla, ya ninka biyu, ya ɗaure a bakin kafireta da roba. Samarin garin, waɗanda suka cire nasu soson da gangan don gudu, suka yi dariya har da riƙe ciki. Wani ya ce, "A kawo masa ƙosai!"

Aka tashi babura tara a tare, nasa da na samarin, kowa da tumatirinsa. Suna faɗawa rafi tayoyi suka tayar da yashi, na gaba ba ya ganin na baya. Ina bakin gaɓa ina kallo, ina tunanin Tasalla da 'ya'yanta. Sai na ji wani babur ya yi tari ya mutu. Na biyu ma haka, na uku ma haka, duk sun zuƙi yashi. Can sai ga Jatau ya ɓullo daga ƙurar, ƙyallen ya yi ja wur, injin yana ruri, ya kama tudu bai ko waiwaya ba! Tasalla ta rangaɗa guɗa tana hawaye. Kwandunansa aka fara ɗorawa a mota, duka shida, ko ɗaya bai lotsa ba.

Da ya dawo ya kwance ƙyallen ya miƙa mata. Ta ce, "Bar wa babur ɗin, Maigida, ya fi ni buƙata." Washegari na aika a sayo mini koko, aka zagaye Kwarin Gawo kaf ba a samu ba. Duk gidan da aka shiga, matar gidan tana tsakar gida tana neman ƙyallen tatarta.